Ƙafa Ɗaya Ta Ishi Keke

Ranar da motar Yamai ta sauke ni a tasha
Inna ta rangaɗa guɗa, zaure ya cika.
"Ka warke, Lawali, sai godiya."
Na ce sai godiya.
Da dare ya raba, kowa ya kama gabansa,
ni da sanduna biyu muka kwana kallon azara.

Ba wanda ya gaya mini warkewa ma jinya ce.

Ciwon daji ya ci ƙafar hagu daga gwiwa,
ya ci babur ɗin da nake kabu-kabu da shi,
ya ci awakin Inna bakwai,
ya kai gonar bakin gulbi jingina.
Abin da ya bar mini: takardu cikin baƙar leda,
da yatsun da babu su, masu ƙaiƙayi da asuba.

A fadarmu ta Bagalam an matsa mini a benci,
an matsa har abin ya yi yawa.
Shayi ya zagayo, ya iso kaina,
sai aka nemo wani kofi daban.
Na sha. Na yi dariyar da ake yi.
Ban sake komawa ba.

Habsu ce ta yi sallama wata Laraba.
Ban san ta ba, a likita aka ba ta sunana.
Ba ta ce sannu ba, sannu ta ishe ni,
bayan hannunta kawai ta miƙo,
jijiyoyin da ƙarin ruwa ya ƙone, baƙi ƙirin.
Na miƙa nawa.
Ta ce, "Alhamis bayan la'asar, gindin bedi, bayan lakwal.
In ka ga dama ka yi shiru, mu ma mun yi."

Mu tara ne.
Kofi ɗaya.

A nan ake faɗin abin da ba a faɗa a gida:
wanda tari kaɗan ke hana shi barci,
wadda ƙawayenta suka gama jami'a tana kwance,
wanda ke tsoron ya tambayi likita ko zai haihu.
Kowa na zuba dala ashirin a gwangwani,
kuɗin motar wanda awonsa ya zo.
Ba ya isa. Yana rage hanya.

Tsahiru ya tafi awo da kaka, aka riƙe shi.
Har yau ba a zama a wurinsa a tabarma,
Habsu na zuba masa dalolinsa
ta ce bashi ne, ya dawo ya biya.

Kawun Habsu, Barmu, tela ne a bakin kasuwa,
ba ya gaisuwa mai tsawo.
Ya dubi sanduna, ya tura mini kujera da ƙafa:
"Keke ba ya ƙirga ƙafafu. Taka."
Na taka.
Ɗinkin farko ya yi tafiyar maciji,
ya ce warware. Na warware.
Sati uku yana cewa warware,
ban taɓa jin daɗin faɗa kamar nasa ba,
shi kaɗai a garin nan bai tausaya mini ba.

Wandona na fara gamawa.
Na cire fil ɗin da Inna ke maƙala wa ƙafar hagu,
na yanke, na kalmashe, na bi da zare biyu,
ya zauna daidai da ni, ni na yanzu.

Akuya ɗaya ta dawo turke, ja, mai rigima.
Gonar na nan hannun mutane.
Wasu dararen har yanzu ina lalube jikina
kamar mai neman ɓarawo a ɗaki.

Jiya wata mata ta kawo yadi,
ta ce ɗinkin salla ne, ba ta sauri, saura wata huɗu.
Awona na Yamai saura wata uku.

Na daɗe ina murza bakin yadin.
Barmu bai ɗago kai ba, almakashinsa dai ya tsaya.
Na ɗauki alli,
na rubuta sunanta, na rubuta rana.